Na Je Yabon Maƙwabci, Ashe Zaginsa Na Yi

Anti Jannatu, don Allah ki cece ni, kwana goma sha ɗaya ke nan ina fita gida ta ƙofar baya.

Shekara tara muna haya a gida ɗaya da Madam Yejide a Madalla. Ita ta yi min wankan jego da na haifi autata, don uwata tana Gusau. Mijinta Mista Akinola ya yi ritaya daga aikin gwamnati a Abuja, aka shirya masa walima, ta ce ni zan yi jawabi da Turanci a madadin maƙwabta. Anti, mutumin nan babba ne a ofis, amma duk Asabar shi ke yashe kwatar gidanmu. So nake in ce ba shi da girman kai. To fastonsu ya riga ni, ya ce humble. Abokin aikinsa ya tashi, ya ce modest. Kalmomi biyun da na haddato ke nan, an kwashe! Na sunkuya na tambayi wayata, ta jero min wasu. Na ga servile ta yi kama da sabis, wato hidima, na haɗa da lowly. Na karɓi makirfo na shaida wa mutum ɗari cewa duk Suleja babu servile kuma lowly kamar Baba Gbenga. Har sau biyu na faɗa, don na ga an yi tsit, na zaci ba su ji ba ne. Ɗansu Gbenga ya ƙware da lemo.

Tun ranar Madam ɗaga min hannu kawai take yi. Maigidana kuwa da ya kalle ni sai dariya. Mu tashi daga gidan ne?

Maƙwabciya mai kunya, Madalla

Ƙanwata, zauna, ba inda za ki.

Wayarki ba ta yi ƙarya ba, duk kalmomin na mara girman kai ne, sai dai ba ta gaya miki wacce ce yabo ba. Humble shi ne mai tawali'u, yana da girman amma ya ajiye. Modest shi ne wanda ba ya fariya da abin da yake da shi. Lowly kuwa ƙasƙantacce ne, wanda ba kowan kowa ba. Servile ta fi muni: mai rawar jiki gaban manya don neman gindin zama. Ki duba, ma'aikacin da ya yi ritaya, a gaban abokan aikinsa! Madam tana da gaskiyar yin fushi. Ke ma ba mugunta kika yi ba, kwaɗayin burgewa ne ya ja ki. Da kin maimaita humble, ba wanda zai kama ki.

Gobe ki bi ƙofar gaba. Ki ja maigida ya raka ki, tunda dariya ba ta hana shi tafiya. Ki same su su biyu, ki faɗi abin da kika yi nufi da Hausa ko Turancin Burokin, yaren da kuka saba gaisawa da shi. Ki nuna musu wayar. Ina kyautata zaton Baba zai riga kowa dariya. Madam za ta ɗan ja aji, ki bar ta ta ja, da mijinta aka yi.

Allah ya daidaita ku, ya bar zumunci.

Anti Jannatu