Gida Biyu, Katanga Ɗaya

Zuwa ga aminiyata Maman 'Yan Biyu,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarki mai jego da jaririnmu. Yaya ƙarfin jikinta? Tunda kin ce wayarki ta lalace, ga ni na koma biro da takarda kamar 'yar makaranta. Gidan hayar nan ya yi mini faɗi tun tafiyarki. Ba mai leƙowa ta taga ta ce keken ɗinkina ya hana ta barcin rana.

Albishirinki, Maigida ya amince, na fara neman gida. Na faɗa wa dillali alkawarin da ni da ke muka ƙulla tun yaranmu na rarrafe: gida biyu, katanga ɗaya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ko a jikina.

Ya kai ni bayan tasha. Ɗinki zai yi kasuwa a can, amma ƙarar motoci ba za ta bar ciwon kanki ya kwanta ba. Ya kai ni wata sabuwar unguwa a bayan gari, ga iska ga fili, sai dai asibiti da nisa, na kuwa san halin gwiwarki. Duk inda muka je sai na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta na roƙi ruwan sha. Inda aka miƙo mini ta saman ƙofa ba a ko dubi fuskata ba, nan take nake cewa mu yi gaba. Dillali ya ce bai taɓa ganin mai sayen gida da ƙishirwa irina ba.

Ki shafa mini kan jariri.

Taki,
Maiɗinki

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, shiru dai ban ga amsarki ba. Na san hidimar jego, ban riƙe ki ba.

An samu wani gida kusa da makarantar da nake ɗinka wa kayan ɗalibai. Wallahi kamar don ni aka gina shi. Akwai shago a gaba mai taga babba, inda zan zura zare a allura ba tare da tabarau ba. Ruwa ba ya yankewa, kuma maƙwabciyar da gidanta ke kallonsa har kujera ta ba ni kafin ta kawo ruwan. Maigida ya zagaya ɗakunan yana murmushi, rabon da na ga haƙoransa haka har na manta.

Amma shi kaɗai ne. Dama gidan burodi, hagu kantin magani, babu inda zan ajiye ki. Na ce a'a. Maigida ya ce in yi wa kaina faɗa, wai kowa gidansa ya sani. Na ce shi bai san mu ba. Ya daina cin abinci a gabana, kuma jiya muka ji an sayar wa wani. Na yi kuka a bayan ƙofa, ba zan ɓoye miki ba, amma ban yi nadama ba.

Baban 'Yan Biyu ya koma gaishe ni a tsaitsaye. Lafiya dai ko?

Taki har kullum,
Maiɗinki

Maman 'Yan Biyu,

Ina gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya.

Shekaranjiya babbar mota ta tsaya a ƙofar gida, ƙarti suka fara fito da gadonki. Na fito da ihu, na zaci ɓarayi ne da rana tsaka. Mijinki ne ya janye ni gefe, yana kallon ƙasa, ya ce kun sayi gida a rukunin gidajen nan masu mai gadi, tun kafin ki tafi. Ya ce kunyata ce ta hana ki faɗa, don kin san ƙarfinmu ba zai kai can ba.

Ashe duk ranar da nake yawo ina auna nisan asibiti saboda gwiwarki, makullin sabon gidanki na cikin jakarki. Zuciyata ta karye, 'yar'uwa. Ba ƙyashi nake miki ba, Allah ya sani. Da kin buɗe baki, da na yi fushin yini ɗaya, na ɗinka miki labule, da yau kuma ina zaune a nawa gidan. Maigida sai dai ya dube ni ya kau da kai, kuma gara a ce ya zage ni.

Ni na naɗe miki kwanukanki da tsumma don kada su fashe a hanya. Na bi motar har can, don idona ya gani. Gidan ya yi kyau, kin iya zaɓe, na rasa inda zan kushe shi. Kafin in ankara sai na tsinci kaina ina duba gidan dama da na hagu, ko akwai wanda ba kowa. Dukansu da mutane a ciki.

Allah ya sa ki shiga a sa'a. Ki gaishe da mai jego.

Tsohuwar maƙwabciyarki,
Maiɗinki