Ruwan Tinya a Ƙafar Baba

Hay el-Sabi', Alƙahira.

Zuwa ga Yaya Sharhabilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Ummukulthum da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Ni ma ƙalau nake, sai dai hankalina ba ya jikina. Kwana biyu ina neman wayarka ba ta shiga, shi ya sa na rubuto.

Ranar Talata malaminmu na ilimin tsirrai ya kwashe mu a bas zuwa wani kwari cikin hamada, don mu ga tsirran nan masu ƙaya da ke ajiye ruwa a jikinsu, a inda suke fitowa da kansu. Mun wuni a tsugune muna zane, ƙaya ta cika min gefen abaya. Can sai ya sa safar hannu ya karya reshen wani ɗan tsiro, farin ruwa kamar nono ya tsattsafo. Ya ce kada kowa ya taɓa, yana ƙona fata, in ya samu buɗaɗɗen ciwo kuwa cin nama yake yi. Ya ce tsiron yana da 'yan uwa masu kauri a ƙasashenmu, ya nuna mana hoto a waya. Yaya, tinya ce, irin ta bayan katangar gidanmu.

Nan take na tuna Inna ta gaya min tana ɗiga wa Baba ruwan tinya a gyambon babban yatsan ƙafarsa, wai don ya bushe. Ka san da ciwon sugansa ba ya jin zafi a ƙafar, ba zai taɓa cewa a daina ba. Na zauna a kan dutse, ƙawata Israa tana ta ce min ma'alish, wato in yi haƙuri, ba ta ma san abin da ya same ni ba.

Sau huɗu na kira Inna. Dariya ta yi, ta ce auta da aka sauke daga goyo jiya ce za ta koya mata magani, alhali da shi kakarmu ta warkar da rabin unguwa. Baba kuma ya karɓi wayar yana murna, ya ce yatsan har ya yi baƙi, alamar ya kusa warkewa ke nan. Wallahi tsoro nake ji.

Fasfona yana wurin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ba ni da hanyar zuwa. Kai ne Inna ke jin maganarka. Don Allah ka baro Kaduna ka je gida, kada ka tsaya musu da ita, ka sa Baba a mota sai asibiti.

Ka gaishe da Goggo Azara da Kawu Iliya. In ka isa, ka kwance tsumman da aka ɗaure masa ƙafar da hannunka, ka faɗa min gaskiya inda baƙin ya kai.

Ƙanwarka,
Hanifa