Ramuka Casa'in da Shida

Muchia, Sabon Gari, Zariya
4 ga Mayu

Maigida Baban Happiness,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya, kai da Kaka da mutanen gida duka. Yaya ƙafar? Yaya shirin gonar citta? Mu nan ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke.

Wasiƙarka ta iso ta hannun direban Kachia. Tunda kunnenka ya ƙi waya, sai mu ci gaba da takarda kamar mutanen da. Na ga jan layin da ka ja a ƙarƙashin rubutuna ka maido mini, wai haruffan sun fara rawa. Hedimasta, ka yi ritaya fa! Biro ne, irin na bakin kasuwa, ba ya zama a hannu.

A ɗakin gwajinmu na jami'a an yi mini abokin zama. Dokta Ridwan, sabon malamin da ya dawo daga karatu, ya harhaɗa inji mai ɗiga ruwan gwaji. Ka san aikina na shekara ashirin da shida: a niƙa gyaɗa, a tace, in ɗauki fifet, ɗan bututun nan na ɗiga ruwa, in ɗiga a faranti mai ramuka casa'in da shida, a ga ko akwai gubar fumfuna. To shi injin zai riƙa yi. Ba saye aka yi ba. Zanensa da manhajarsa a buɗe suke a intanet, kowa ya ɗauka ya gyara ya mayar don wani ya amfana. Sassan roba a ofis aka buga su da na'ura mai narka roba ta fitar da siffa, sauran kuma Dokta ya ciro daga matattun firinta a kasuwar Sabon Gari. Ɗalibai sun sa masa suna Ɗanmalam, don yana rausaya kai idan yana aiki.

Kwana uku na zauna ina faɗa wa Dokta matakan aikin yana shigarwa a kwamfuta. Kada ka tambaye ni ko na ji wani abu. Inji ne, kuma saura mini shekara biyu kawai in yi ritaya.

Ka gaida Kaka. Ka daina shiga gona da rana tsaka.

Taka,
Martina

Muchia
25 ga Mayu

Baban Happiness,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Na ji an gama dashe, mun gode Allah. Happiness ta kira daga Jos, lafiyarsu ƙalau.

Ɗanmalam ya shiga uku. Akwai wata ɗaliba mai digiri na uku, Ummukulthum, wadda ni nake mata gwaji. Tana bin kasuwanni tana ɗebo gyaɗa don a san wadda ta dace a dama wa jarirai kunu. Dokta ya ɗauko ragowar samfuranta daga firji ya ba injin, don a ga ko zai samu abin da na samu. Na shekara uku da suka wuce sun yi daidai da nawa cif. Na shekara ɗaya da rabi zuwa yau kuwa sun saɓa.

Farfesa Abiodun, shugaban sashenmu, bai ɓata lokaci ba. Ya ce tun yana ɗalibi ya san hannun Martina, ba zai bi maganar tarkacen firinta ya bar shi ba. Ya ba da mako biyu. In ba a gano matsalar ba, a sauke injin daga tebur.

Sau biyu Dokta ya kwance shi ya sake ɗaurawa. Ya auna ɗigonsa a sikeli, bai ga aibu ba. In wa'adi ya cika, dole ya rubuta a shafin nan na intanet cewa zanen bai yi ba, kuma akwai ɗakunan gwaji biyu a wasu garuruwa da suka fara kwaikwayonsa. Shekaranjiya ya same ni, cikin ladabi sosai, ya tambaye ni ko na canza sinadari a wancan lokacin. Na ce ban canza ba. Gaskiya na faɗa. Ya yi godiya ya koma kan sukundirebansa.

Ummukulthum ta kawo mini kunun aya daga gida, ta ce ita da lambobin Mama Martina za ta kare digirinta. Na karɓa da hannu biyu.

Ka sake ja mini layi. Na ce maka biro ne.

Matarka,
Martina

Muchia
9 ga Yuni

Maigidana Sati,

Ina gaishe ka. Ina fata wannan ta same ka lafiya. Ka zauna kafin ka karanta.

Ran Lahadin farkon wata aka yi Jibin Ubangiji a coci, kuma layina ne na cika ƙananan kofuna da ruwan inabi kafin sujada. Farantin coci ma ramuka gare shi, ban taɓa lura ba sai ranar. A kofi na bakwai na zubar a kan farin ƙyalle. Lovelyn matar mai wa'azi ta karɓi kwalbar daga hannuna ta ƙarasa. Na zauna a bencin baya har aka tashi.

Shekara ɗaya da rabi ke nan hannun damana yana rawa. Da fari sai na gaji. Daga baya kullum. Na koyi tallafe shi da na hagu, na juya kujerata ta ba ƙofa baya, ina zuwa aiki kafin kowa ya zo. Wani ramin ina ɗiga masa sau biyu, wani in tsallake, in ce a raina ba zai canza komai ba. Tsoro nake ji, Sati. Ba na korar aiki ba. Tsoron a ce hannun Martina ya tashi aiki.

Ran Litinin na roƙi Farfesa ya zo ɗakin gwaji, da Dokta da Ummukulthum. Na ce a auna ɗigona a sikeli kamar yadda aka auna na injin, ashirin-ashirin. Na sa hannun hagu a aljihun riga na yi da dama kaɗai. Na Ɗanmalam ashirin ɗin duk ɗaya suke. Nawa babu biyu da suka yi daidai. Farfesa ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Dokta bai yi mamaki ba. Ashe ya sani tun ranar da ya tambaye ni zancen sinadari, ya zaɓi ya ci gaba da kwance injinsa.

Injin ya sake gwada samfura ɗari huɗu cikin kwana shida. Kasuwanni biyu da na ce gyaɗarsu lafiya take, akwai guba a ciki. Ummukulthum za ta sake babi guda. Ta yi kuka, sannan ta gaishe ni washegari kamar kullum, wanda ya fi mini zafi. Dokta ya tambaye ni abin da zai rubuta a shafin. Na ce ya rubuta abin da ya faru, inji lafiyarsa ƙalau.

An karɓi fifet daga hannuna. Yanzu ni ke jera wa Ɗanmalam faranti in danna maɓalli, in zauna ina kallonsa yana rausaya kai. Yana yi daidai yadda na koya masa.

Ran Alhamis ta sama zan ga likitan jijiya. Ka bar wa Othniel mai taya ka aiki gonar ka shigo motar safe, zan jira ka a tasha. Ba na so in shiga ni kaɗai.

Ka ajiye jan bironka, Hedimasta. Kai ka fara gani. Ba biro ba ne.

Taka har kullum,
Martina