Batirin Jirgin Babanka

Gi-tae,

Na tashe ka, ka ƙi tashi. Na tafi kasuwa sayen busasshen kifi da wainar shinkafa.

Da safe na sauka bakin dam na kunna injin jirgi. Farfela ta ɗan juya, ta tsaya. Ashe tun ranar da ka je kamun kifi ka bar batirin a jirgi, ba caji, cikin wannan sanyi! Babanka ko takalmi ba ya cirewa sai ya jona shi a caji. Shi ya sa batirin ya yi masa shekaru. Kai kuwa, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kana neman kashe batirin.

A baro na tura shi gidan tsoho Bang mai gyaran batir. Ya leƙa ciki ya ce, "Matar ɗan'uwa, ruwan ma ya ƙafe. Ɗan naki masunci ne ko magidancin barci?" Ya ƙara masa ruwa, ya sa a caji. Ya ce ba tabbas ya riƙe.

Gobe za mu kai wa babanka abinci kabari, ka kuwa san ba hanya can tsallake sai ta ruwa. Kada ka ciro na motarka, tada inji kawai ya iya, a tsakiyar dam zai yashe mu. Da yamma ka je wurin Bang. In batirin bai tashi ba, da hannu za ka tuƙa mu.

Babanka yana raye bai taɓa jiran abinci ba. Ba gobe zai fara ba.

Miyarka na kan murhu.

Mamarka