Shekara Biyu Suna Yaba Mini Giya Mai Tsami

Anti Noelene, ki taimake ni da shawara, don abin ya tsaya mini a wuya.

Shekarata sittin da takwas. A gonakin hop, furen da ake sa wa giya, na kwarin Derwent na yi aiki har gwiwoyina suka gaza. Wajen mahaifina na koyi dafa giya, tun zamanin da doka ta hana, yana ɓoye gangarsa a bayan buhunan dankali. Shi ya nuna mini yadda ake jiƙa tsiron sha'ir a ruwan zafin da bai kai tafasa ba, a zuba furen hop sau biyu, na farko don ɗaci, na ƙarshe don ƙamshi. Duk Asabar da yamma Clarrie, abokina tun muna firamare, yana zuwa rumfata da wasu mutum biyu, mu sha, mu zagi gwamnati.

Bara waccan wata mura ta kwantar da ni, na tashi hancina ba ya jin komai, harshe ma sai a hankali. Matata Glenys kaɗai na gaya wa. Na ce ai hannu ya san aikinsa, na ci gaba.

Watan jiya na kai kwalba biyu gasar baje kolin garinmu. Alƙalin gasar ya rubuto cewa giyar ta yi tsami, in binciki gangata. Na shigo gida ina dariya, na ce yaran yanzu ina suka san giya. Glenys ba ta yi dariya ba. Ashe shekara biyu ke nan haka giyar take fitowa, kuma ita Glenys ce ta roƙi abokan nawa su yi shiru. Da zarar na juya baya sai Clarrie ya tuttular da tasa a gindin bishiyar tuffa, ya miƙo kofi yana cewa tsoho ƙaro mini, hannunka na nan. Ni kuwa in cika masa ina washe baki kamar wawa.

Da na tare shi, cewa ya yi shi ba giya ke kawo shi ba. To me ke kawo shi, kallon gaɓo? Asabar uku ke nan ban buɗe rumfar ba. Tsakanina da Glenys sai ina kwana. Ina tunanin loda kayan nan kaf in kai juji.

Mai Rumfa a Kulle

Mai Rumfa,

Ba zan ce ka yi haƙuri kawai ba. An yi maka ba daidai ba. Wanda ya tsufa a kan sana'a gaskiya ta kamace shi, ba lallashi ba, kuma tausayin da ya bar ka ka kai giyar nan gaban alƙali ya cuce ka. Ka faɗa musu haka, sau ɗaya, ba da tsawa ba.

Amma wa ya fara ɓoyo? Ka rufe wa abokanka maganar hancinka, ka bar Glenys ita kaɗai da ita. Da wane baki za su ce giyarka ta lalace, kai da ka nuna musu lafiya lau kake? Mutumin da ya yi shekara biyu yana kurɓar tsami don ya zauna kusa da kai ba dariya ya zo yi maka ba.

Giyar kuma gyaranta ba wuya. Tsohuwar gangar roba takan karce daga ciki, ƙwayoyin cuta su samu maɓoya. Ka jefar da ita da bututunta da famfonta, ka sayi sabbi. Ka daina sake amfani da tsohon yisti, ka wanke duk abin da zai taɓa giyar bayan ta huce, ka riƙa auna zafi da ma'auni. Hancin ma ka kai shi likita ya duba.

In ka yi dahuwar farko ka kira Clarrie ya ɗanɗana, da sharaɗin zai faɗi abin da ya ji ko da ba daɗi. Amma kafin nan, yau ɗin nan, ka zauna da matarka. Ita ma shekara biyun nan ba ta ji daɗinsu ba.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya dawo maka da hancinka.

Anti Noelene