Motar Baba da Tafiyar da Auta Ya Ƙulla

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, amma sukarin yana nan yana hawa da sauka, allura safe da yamma. Kawu ma an sallamo shi daga asibiti, har ya fara fita da sandarsa.

Yaya, na zaɓi rubutu ne don in na kira ka a waya bakina zai faɗi abin da bai kamata ba. Auta ya ƙulla tafiya. Wai shi da abokinsa Dogo za su tuƙa motar marigayi Baba daga ƙofar gidan nan har ƙofar gidanka, su ratsa duk ƙasashen da ke tsakaninmu. Ya manna taswira a bangon falo ya ja mata jan layi, duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa inda za su kwana da inda za a ɗora motar a jirgin ruwa. Biza ko ɗaya bai samu ba, amma har ya buga riguna masu hoton fuskarsa.

Ka dai san motar, tun rasuwar Baba take ƙarƙashin rumfa. Ranar da suka buɗe ta ina tsaye, warin ya kore ni har bakin famfo. Ɓeraye sun yi gida a kujerar baya, sun hayayyafa, wasu sun mutu sun bushe a ciki, kyankyasai kuwa sai zubowa suke daga inda Baba yake ajiye tabarau. Auta ya share sama-sama ya fesa turare, ya ce ta koma sabuwa. Yanzu wari biyu take yi. Ya cire rabin kujerar ya jera jarkokin mai, ya shimfiɗa katifa a gefensu. Da na tambayi katifar ta wace ce, sai ya ce ta Inna.

Ashe ya daɗe yana zuga ta, ya san ko za a yanka ta ba ta shiga jirgin sama. Na tambaye shi yadda allurarta za ta zauna da sanyi, ya ce zai zuba ƙanƙara a kula ya sa ta a ciki. Na ce in sukarin ya faɗi a dajin da ba asibiti fa, ko suna cikin layi a kan iyaka, ya ce in daina mugun baki.

Abin da ya fi tayar min da zuciya, a wayar abokiyar aikina na gan shi. Auta ya zaunar da Inna a gaban motar, ya yi ta yi mata zancenka har ta fashe da kuka, ya ɗauke ta a bidiyo ya watsa wa duniya, ya sa kiɗan tausayi a ƙasa. Ɗankwalinta ya zame ba ta ma sani ba. Mutanen da ba su san ta ba suna ta tofa albarkacin bakinsu, har da masu dariya. Da na tunkare shi, ko kunya babu, ya ce ba mai kallon ƙatti biyu a mota, tsohuwa ce ke jawo jama'a.

Na shiga ɗakin Inna da niyyar hana ta. Ta saurare ni tana ninke 'yan rigunan da ta saya wa yaranka. Ta ce ta san motar ta ruɓe, ta kuma san Auta don kansa yake yi, ai ita ta haife shi. Amma 'yarka Ummi, takwararta, ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta shiga makaranta, duk a cikin waya, ba ta taɓa goya ta ba, kuma a cikin 'ya'yanta Auta kaɗai ya ce zai kai ta. Sai na zauna na taya ta ninki.

Don haka haushin nan ba na Auta kaɗai ba ne, Yaya. Kowace shekara sai ka ce baɗi. Ba na son ka aiko da komai, kada ma ka wahalar da kanka yi wa Auta faɗa, ba ya ji. Ka ɗauki hutu ka kawo yaran. In ta ji ranar zuwanka daga bakinka, da hannunta za ta kwance kayanta. In kuwa ba haka ba, na riga na nemi hutu a wurin aiki, don ba zan bar ta ta tafi babu mai yi mata allura ba. Sai ka kwana da sanin uwarka da ƙanwarka suna kan hanya a cikin wannan mota.

Ka gaida Anti da kyau, ka shafa min kan Abba da Ummi. Kawu da Gwaggo suna gaishe ku. Inna ma tana gaishe ka, amma ba ta san na rubuto ba.

Ƙanwarka mai jiran amsarka.