Nura da Zaren Dambe

Zuwa ga Baban Amira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hauwa da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Batsari sai godiya.

Maganar ƙanenka Nura ce. Tun da aka ƙwace masa babur a hanyar Runka ya ɗaura aniyar koyon faɗa, da gemunsa. Ya fara da dambe wurin mahautan Safana. Suka naɗe masa hannun dama da zare, hannun da yake riƙe alli da shi, ya kumbura har sai ɗalibai ke yi masa rubutu a allo. Na ce masa dambe gadon mahauta ne, mu gidanmu ba a taɓa fawa ba.

Yanzu ya koma karate wurin wani tsohon soja a filin firamare. Na sa hijabi na je da kaina. Na ce masa, "In mai bindiga ya tare ɗalibinka, me ka koya masa?" Ya ce, "Hajiya, ya miƙa makulli, ya koma gida da ƙafarsa." Shi ya sa na yarda da shi.

Amma Nura har yanzu zuciya na cinsa. Ka kira shi, yana jin maganarka. Ka faɗa masa babur ana sake saye, ni kuwa ba ni da wani Nuran.

Ka gaishe da Hauwa da Amira. Ku sa mu a addu'a, Allah Ya kawo mana sauƙi.

Mahaifiyarku.